Shirun da Kaka ta sa mu ƙirga

Shekaru sun ja, wataƙila na haɗa maraice biyu ko uku na mayar da su ɗaya. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne wurin: hawa na tara na wani bene a unguwar Minguettes, can ƙasar Nasara, lokacin sanyi, bayan magariba. Ba mu da murhu, sai ƙarfen ɗumama ɗaki, wanda kakata Tabawa take kira wutar Nasara marar hayaƙi. Nan take jingina bayanta, mu jikoki mu kewaye ta.

Tatsuniya ɗaya ta fi maimaitawa. Kanari yana waƙa cikin kogon itace, ɗawisu yana bisa reshe yana motsa baki, mutanen gari suna watsa wa ɗawisu gero. Ran nan, a tsakiyar waƙa, kanari ya yi shiru. Ɗawisu ya tsaya baki buɗe gaban jama'a.

A nan Kaka takan ɗaga yatsa. "Ku ƙirga goma a zuci. Kai, angona, kar ka yi sauri, bar shi ya sha kunyarsa." Idonta yana ƙyalli. Ni, mai tsoron faɗa tun ina yaro, tausayin ɗawisu nake ji.

Sai bayan rasuwarta inna ta gaya mini. A Damagaram, Kaka ce ke waƙa a bayan zana a wata tiyatar samariya, wato wasan kwaikwayon ƙungiyar matasa, ɗiyar shugaban ƙungiya kuma tana gaba tana motsa baki. Har yau ana yaba muryar waccan, Hajiya Zinaru. Kaka ba ta taɓa yin shirun ba, sai a tatsuniya.

Bara ɗalibanmu na garin Villeurbanne suka farfaɗo da wasan, aka kai shi Paris, Hajiya Zinaru ce babbar baƙuwa. Ni aka ba tsara dandamali, don an san ba na mantuwa. Na ba da shawara a raba tauraruwar wasan gida biyu: mai rawa a gaba tana motsa baki, mai waƙa a bayan farin labule da fitila a bayanta, inuwarta ta fito ƙatuwa. A baiti na uku kuma, na ce, mai waƙa ta yi shiru.

"Fasaha ce ko me?" in ji mai shirya wasan.

"Fasaha ce," na ce. Ƙarya na yi, ko rabin ƙarya.

Ranar wasa na ƙirga goman nan ban yi sauri ba. Mai rawa ta tsaya baki buɗe. Hajiya tana layin farko, hannunta ya daskare a kan carbi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, kuma har yanzu ban san ko ya halatta ba.

A bakin ƙofa Hajiya ta kama hannun rigata.

"Kai ne jikan Tabawa?"

"Ni ne, Hajiya."

"Yarinyar taku ba ta kai ta ba. Tabawa takan ja baitin nan da numfashi ɗaya, ni ina gaba har muƙamuƙina ya gaji."

Mutane biyar ko shida suka ji. Shekara hamsin Kaka ta jira wannan magana.

Wanda yake wurin, ko ya san zamanin Damagaram, in na yi kuskure ya rubuto mini in gyara. Ƙirgar kawai ba zan rage ba. Goma ce.