Malam Tukur, Uban Tagwayen Asibiti

Tun masu shara ba su gama da barandar asibitin ba, Malam Tukur Umara ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya shige wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar randa. Shekara goma sha biyar ke nan yana haka a Haɗeja. Kafin ya gaida kowa sai ya gaida 'ya'yansa, wato manyan kwamfutoci biyu da ke riƙe da fayil ɗin kowane majinyaci. Hassan yana ƙasa, Husaini yana kan bene. Duk abin da aka rubuta wa ɗaya, nan take ɗayan ya kwafe, domin in Hassan ya faɗi Husaini ya ɗauki aikin. Akwai ma wata 'yar ƙarama, Gambo, mai raba gardama, kada tagwayen su yi rigimar wane ne babba.

Sai dai bawan Allahn nan yana da wata ɗabi'a. Kowace Alhamis bayan la'asar, sai ya zare wa Hassan wuta da gangan, ya tsaya yana duban agogo har Husaini ya karɓa.

Shugabar ungozomomi, Hajiya Suwaiba, ba ta gajiya da yi masa tsiya. "Malam Tukur, don Allah wa ya aike ka? Abu na zaman lafiyarsa, sai ka je ka tsokano shi!"

"Hajiya, in zai ba ni kunya, gara ya ba ni a ranar da na zaɓa," in ji shi.

Daminar da kogi ya cika ya shigo gari, wata safiya aka kawo wata mata, Kamila, daga wajen Baturiya, rabin hanya a kwalekwale. Naƙuda ce ta zo da gardama, jini na zuba, ba ta san inda take ba. Katinta ya jiƙe ya dagargaje, mijinta kuwa ban da salati ba abin da yake iya faɗa. Likita ta ruga ta buɗe fayil ɗinta na awo. A daidai lokacin ruwa ya kutsa ɗakin ƙasa, Hassan ya mutu murus.

Allon likita ya ɗan tsaya, sai ga fayil ya fito. A samansa an rubuta da ja cewa jikin Kamila ba ya karɓar wata allura. Allurar kuwa tana hannun Hajiya Suwaiba, ta riga ta zuƙe ta.

"Wallahi nan take na ajiye ta," in ji Hajiya. Sai bayan kwana biyu ta ji cewa daga bene fayil ɗin ya zo. Yau 'yar Kamila tana gudu a tsakar gida, uwar kuma ba ta taɓa jin sunan Malam Tukur ba.

Malam Tukur, kai ne wanda in aikinsa ya yi kyau ba a ganinsa. Kai ne ka sha tsiyar ɗaruruwan Alhamis saboda safiya ɗaya. Uban tagwaye, mun gode.

Da ritayarsa ta matso, sai ya yi wa kansa abin da ya saba yi wa Hassan. Ya miƙa wa Injiniya Radiyya, wadda za ta gaje shi, mabuɗai, ya zauna a gida mako guda, daga ita sai shugaban asibiti suka sani. Aiki ya tafi sumul, ba wanda ya neme shi. Da ya dawo aka gaya masa, da wani ne da ya ji haushi, shi kuwa dariya ya yi har da hawaye, ya ce yanzu ya samu kwanciyar hankali.

Allah ya saka maka da alheri, Malam, ya sa ka huta lafiya. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba abin da aka damƙa masa, ya gwada shi tun ana zaune ƙalau.

Amma ka yi kuskure ɗaya, Malam. Akwai wadda ta lura. Duk safiyar makon da ka zauna a gida sai da Hajiya Suwaiba ta leƙa gindin darbejiya, ta ga ba keke.