Ranar da Barira Ta Ɗaga Kai a Gaban Surukinta

Wata rana, a wani gida a Kazaure, an taru sunan jariri.

Cikin matan da ke rabon tuwo akwai Barira, matar ɗan maigidan. Likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ce a wani babban asibiti a Kano, amma a gidan nan suruka ce kawai.

Tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da surukinta, Alhaji Tanimu, ba. Daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi, kanta a sunkuye. Haka aka tarbiyyantar da ita.

Bayan azahar sai salati ya tashi daga zaure.

Alhaji yana cikin hira kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Bakinsa ya karkace. Yana son magana, kalmomin sun ƙi fita daidai.

Wani ya ce iska ce ta buge shi. Wani ya ce a kwantar da shi ya huta, zuwa gobe a gani. Ƙanensa, Kawu Mamuda, ya aika aka kawo rubutu a ƙwarya.

Barira ta zo bakin zaure ta tsaya. Zaure cike da maza, ita kuwa ko takalmi ba ta taɓa sawa ta wuce ta gabansu ba.

Ta leƙa. Ta ga hannun daman Alhaji a yashe kan cinya. Ta ga yawu yana zuba ta gefen baki. Ta ga ƙwarya ta nufi leɓensa.

Ta san mutumin da ke cikin wannan hali haɗiya na iya gagararsa, ruwan ya bi ta hanyar numfashi.

Sai ta shiga.

Ta durƙusa a gabansa, ta tare ƙwaryar da tafin hannu, ta dube shi ido cikin ido.

"Baba, dube ni. Ɗaga girarka. Yawwa. Yi mini murmushi. Yanzu ɗaga hannuwanka duka biyu."

Goshi ya tattare ta ko'ina, amma gefen baki ya ƙi motsi. Hannun dama ya ɗago kaɗan ya koma.

Kawu Mamuda ya harzuƙa. "Ke 'yar nan! Surukin naki kike ba umarni a gaban mutane? Ina kunyarki?"

"Kawu, kunyata tana nan, zan dawo in ɗauke ta. Jini ne ya daina kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwar Baba. A shafa masa rubutun a fuska, kada ya sha komai. Addu'ar mu yi ta a mota."



Alhaji ya miƙa hannun hagunsa ya riƙe gefen mayafinta. Kawu ya kalli hannun nan, ya juya ya daka tsawa: "Ina direba?"

A hanya tana ta waya, tana faɗa wa abokan aikinta lokacin da abin ya fara. Suna isa asibiti aka ɗauki hoton kan Alhaji, aka ga gudan jini ne ya toshe jijiya. Da yake ba a makara ba, aka yi masa allurar da ke narkar da shi.

Allah cikin ikonsa, magana ta dawo, hannu ma ya biyo baya a hankali.

Ranar da aka sallame shi, 'yan dubiya sun cika ɗaki. Barira ta raɓe a bayan ƙofa, kai a sunkuye kamar da.

Alhaji ya nuna ta da hannun damansa, ya ce, muryarsa ras: "Ku matsa mata ta shigo. Wannan ba suruka ba ce, 'yata ce. Duk wanda ke da irinta a gidansa ya faɗa mini."

Kawu Mamuda ne ya fara tashi ya ba ta kujerarsa.

Darasi:

Kunya ado ce, amma ba a riƙe ta a bar rai ya tafi. In bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a ba shi abin sha, kada a jira gobe. A nufi asibiti ana addu'a.

Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidajen da ke da tsofaffi. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.