Jar Saniyar Sarkin Pawa

A gidanmu na Talata Mafara, mahauta ne duk mazan. Da an ci tuwo bayan magariba, mu yara sai mu zagaye murhun da Baffa ya gama gashi a kai, garwashin da sauran ja. Nan kakarmu Inna Hajjo take shimfiɗa buzunta, tana jan carbi, mu kuwa muna ta roƙonta har ta gaji ta ce, "To, ga ta nan, ku buɗe kunne."

Wadda na fi so ita ce ta wani Sarkin Pawa mai saurin fushi. Yana da jar saniya can rugar wani Bafulatani wajen Janbako. Wata rana aka zo aka ce ta shiga gonar Sarkin ta cinye dawa. Bai tambayi kowa ba, ya kira babban baransa a gaban jama'a ya ce, "Tahi ka yanka ta." Baran ya wasa wuƙa ya kama hanya.

Da Sarkin ya shiga gida sai ya tarar da matarsa tana ba jikansu maraya madara. Ta ce, "Ka san nonon wace saniya ne yaron nan yake sha tun rasuwar uwarsa?"

A nan Inna Hajjo takan dakata ta gyara itace. "Mi kuka gani zai yi? Ga mutane sun ji bakinai. In ya janye, a ce sarki ba ya da magana guda."

Ya daɗe tsaye a zaure. Sannan ya fita inda mutanen suke ya ce, "Na fasa. A bi baran nan." Wani mahauci ya hau jaki, jakin ya ƙi tafiya, ya sauka ya ruga a ƙasa. Ya iso an riga an kayar da saniyar an ɗaure ƙafafunta. Tun daga nesa yake ihu, "A kwance ta! Sarki ya fasa!"

Mu sai tafi, duk muna yabon mai gudu.

Yanzu ina koyar da Turanci a Bakura. Kwanaki muka ci karo da kalmar countermand a aji. Na bayyana wa ɗalibai cewa umarni ne da ake bayarwa don a soke wani da ya gabata, an fi jin sa a bakin sojoji da ma'aikata. Ta shigo Turanci ta hanyar tsohon Faransanci, tushenta kuwa Latin ne, inda aka haɗa kalmar kishiyanta abu da ta ba da umarni.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malama, wa ke da ikon yin haka?"

Na ce, "Wanda ya ba da umarnin, ko wanda ya fi shi."

Ina faɗa sai na ga ashe tun muna yara ba mu yabi wanda ya dace ba. Gudu kowa na iyawa. Aikin yana wurin dattijon da ya fito gaban waɗanda suka ji maganarsa ta farko, ya janye ta da bakinsa.