Ƙaron da Na Liƙa wa Helikwafta

Ni ne na yi kuskure. Yayana ya dawo garinmu Mai Wurno daga Saudiyya da ƙaramin helikwafta na rimot, irin wanda ba shi da sandar daidaito a sama, wani ɗan akwati mai jin motsi ne ke riƙe shi a iska. Soson da ke manne akwatin ya ɓanɓare, sai ya kawo mini, tunda ni ke gyaran fanka a unguwa.

Ya ce, "Soso za ka mayar, shi ke shanye girgiza."

Na ce to. Amma mu komai ya ɓalle ƙaro muke jiƙawa, sai na liƙe shi da ƙaro, ya bushe ƙam.

Bayan la'asar ya tayar da jirgin a tsakar gida. Girgiza ta ruɗa akwatin, jirgin ya karkace ya sare masa yatsu biyu na dama. Yayana tela ne. Na sandare ina kallon jini a jallabiyarsa.

A asibitin birnin Sinnar yana ta zargin hannunsa da ganganci. Na durƙusa na ce, "Yaya, ban sa soso ba. Ka yafe mini."