Mutum Uku a Bakin Gola Ɗaya

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi gasar Olamfik ina Guangzhou, ina yi wa 'yan kasuwa tafinta da safe, da yamma ina koyon Sinanci a wata jami'a a unguwar Tianhe. Kafin nan malamin adabi ne ni a wata sakandare a Kano. Wannan tarihi bai tsinana mini komai ba a can, in ban da cewa saboda shi aka naɗa ni sakataren ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan Arewa da 'yan Nijar. Ba na buga ƙwallo. Aikina kama fili ranar Lahadi da riƙe wa mutane agogo da waya.

Ƙungiyar ta wani Alhaji ce, mutumin Maraɗi, mai sayen yadi da fitilun caji yana lodawa gida. Shi ya kafa ta, shi ya ɗinka riguna, kuma a gidansa na unguwar Xiaobei ake cin abinci bayan wasa. Dokar ƙwallo a wurinmu ɗaya ce tak: inda kake bugawa, nan kake ci. Ba a sa hannu a takarda. In aka ga mutum ya wanke hannu a gidan wani, an san rigar da zai sa ranar Lahadi.

Abokan karawarmu 'yan Zangon Kumasi ne, Hausawan Gana, waɗanda ke ci a gidan shugabansu, wani mai sayar da takalma. Duk shekara washegarin ƙaramar Salla mukan buga da su a kan kofi. Alhaji ne ya sayo kofin a kasuwar sari. Ya nemi mai ɗan ƙwallo a kai, mai shagon ya ce masa "mayo", wato babu, sai ya ɗauko wanda ke akwai: wani mutum na tagulla ya ɗaga gora bisa kafaɗa. Alhaji ya ce makiyayi ne, aka bar shi a haka. Tun da aka sayi kofin nan bai taɓa kwana a gidan wanda ya saye shi ba. 'Yan Zango ke ɗauka, su ajiye shi a kan firij ɗinsu, inda duk wanda ya je gaisuwa zai gani.

A waccan shekara biza ta yi tsauri. Da, mutum kan tsallaka Hong Kong ya dawo da sabon hatimi kafin shayinsa ya huce. Da Olamfik ta matso sai aka fara cewa kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Alhaji, ga shekaru ga ciwon suga, ya ce in ya tafi ya tafi ke nan, wakili ya ci gaba da saye. Ya yanki tikitin bayan Salla. Saura masa wasa ɗaya a duniya, kuma yana son kofinsa ya kwana a gidansa ko sau ɗaya.

Matsalarmu gola ce. Namu wani Bakano ne mai sayar da wayoyi, mutumin kirki, wanda ya ɗauki raga a matsayin wurin hutawa. Na 'yan Zango kuwa dogo ne, baƙi, marar magana, an ce ya taɓa zama a bencin wata babbar ƙungiya a ƙasarsu. Ban taɓa ganin ya yi tsalle don burgewa ba. Ƙwallo ce kawai ke zuwa ta same shi inda yake, kamar sun yi alkawari.

Abin da muke da shi mu kuma ɗalibai uku ne da ke karatu a jami'o'in garin: Bakatsine ɗaya, ɗan Damagaram ɗaya, sai ɗan ƙanwar Alhajin, mai karatun injiniya, wanda shi ne ɗan gabanmu. Su kaɗai ne a ƙungiyar ke iya gudu su tsaya ba tare da sun dafa gwiwa ba. Shugaban 'yan Zango, da ya ji Alhaji na sansanar golansa, ya aiko cewa zai bayar, a bakin yaran nan uku.

Alhaji ya ce a kawo samfur. Golan ya zo wata Lahadi, aka jera ana buga masa, ba wadda ta shiga. Alhaji ya kama tafin hannunsa ya jujjuya, yadda yake yi wa yadi a gaban taga. Bakanon da za a tsige ya ce shi dai a zamansa na garin nan ya sha ganin samfur mai kyau, kwantena ta iso da wani abu daban. Ba wanda ya kula shi, don an san yana da ra'ayi a cikin maganar.

Filin da muke haya na wata kwaleji ne, kuma da mun tashi ɗalibanta ke shiga su yi wani wasa da ake kira besbol: ɗaya ya jefa 'yar ƙwallo, ɗaya ya maka mata gora ya ruga. A nan na gane makiyayin Alhaji ba makiyayi ba ne, amma ban ga amfanin faɗa ba. Malaminsu na motsa jiki yana jin Turanci, mukan gaisa a bakin ƙofa. Ranar samfur na ba shi labarin halin da muke ciki, ya yi dariya har ya cire hula. Ya ce a wasansu wannan ita ce gardama mafi tsufa: ƙungiya ta ba da samarinta masu tasowa ta karɓi gwanin jifa guda. Ya ce duk shekara ana yi, an cika jaridu da ita, wasu sun yi sun ci kofi, wasu sun yi sun shekara goma suna kallon yaran da suka bayar suna lallasa su. Na tambaye shi wanne ne daidai. Ya ce sai an gama ake sani, kuma a lokacin kowa yakan ce dama ya faɗa.

Da wannan ilimi na tafi taro. An yi shi bayan La'asar a ofishin Alhaji a benen Tianxiu, muna zaune a kan kwalayen fitilu. Na yi jawabi mai gabatarwa da gundari da kammalawa. Na ce yaran nan bizar karatu gare su, shekaru za su yi a garin, golan kuwa bizar kasuwanci ce da shi kamar ta kowa, kuma mai takalma ya san da haka, shi ya sa ya saki. Na ce ƙungiya ba ta shekara ɗaya ba ce. Na kawo misalin besbol, har da manomin da ya dafa irinsa da rani. An saurare ni da ladabin da ake yi wa huɗubar da ta zarce lokaci.

Da na gama Alhaji ya ce, "Malam, bizarka har yaushe?"

Na ce da sauran watanni.

"Tawa har Salla," in ji shi. "Baɗin nan da kake ta faɗi, wa zai nuna mini ita?"

Amsar wannan tambaya ba ta cikin duk littattafan da na karanta tun daga lokacin. Sai wani ɗan Agadas da ke tsaron baya ya ce to ban da sauran biyun, ɗan ƙanwar fa? Alhaji, wanda yake son ya nuna ba a yi asara ba, ya ce ai duk ɗanyu ne. Ya ce nasa ma ya fi su ɗanyantaka: gudu kamar kare ya biyo shi, amma in ya zo gaban raga sai kunya ta kama shi kamar ya ga surukarsa. Aka yi dariya. Muna cikin dariyar muka ji sallama daga bayan kwalaye. Yaron ne, ya shigo tun ɗazu ya tayar da La'asar a lungun da ake salla. Ya naɗe darduma, ya gaishe da kawunsa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya fita.

Washegari na raka Alhaji wurin mai takalma a ƙulla ciniki. A can Alhaji ya ce yaron nan, da a Faransa aka haife shi, da yanzu sai dai a gan shi a talabijin, kuma ba don larura ba ko gola biyar ba zai karɓa a bakinsa ba. Na san wannan yabon mai sayarwa ne, amma muryarsa ta yi rawa a wurin da ba a rawar murya don ciniki. Yaron bai ji wannan ba. Kushen kawai ya ji.

Aka rufe Olamfik, aka shiga azumi. Golan ya dawo gidan Alhaji buɗa baki, kuma a nan ne lissafin mutum uku a bakin ɗaya ya fito daidai, don yana cin na ukun. Ba ya hira. Yakan sha kunu, ya ci tuwo, ya ce an gode, ya tafi. Yaran kuma suka koma cin wake da shinkafa da yajin 'yan Gana. Da, ɗan ƙanwar ne ke yanka kankana, shi ke miƙa wa Alhaji maganinsa da an sha ruwa. Yanzu kankanar kowa na yi mata yankan da ya ga dama, maganin kuma sai an tuna. Duk Juma'a yaron yakan zo gaisuwa, ya durƙusa, ya tambayi jiki, in rana ta yi ja ya miƙe. Sau ɗaya Alhaji ya ce ya tsaya a sha ruwa. Yaron ya ce, cikin ladabi, ai ana jiransa inda yake bugawa. Dokar ta Alhaji ce, don haka ya bar shi ya tafi. Ya dai riƙa duban ƙofa a lokacin kiran salla, yana cewa iska yake nema.

Ranar wasa aka yi rana irin ta garin, wadda ke jiƙa mutum kafin ya motsa. Kwantena ta zo daidai da samfur. 'Yan Zango, da ƙafafun da muka ba su, suka tare a gidanmu kamar sun biya haya. Golan ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, ya ture wata da gwiwa. Ɗan ƙanwar Alhaji ya buga masa wata da na ji ƙararta daga inda nake riƙe da agoguna, kuma ban ga alamar kunya a cikinta ba. Abin da babu wanda ya yi tunaninsa a taro, har da ni mai jawabi, shi ne gola ba ya cin ƙwallo. Mun toshe ƙofarmu, mun kuma ba da duk mai iya zuwa tasu. 'Yan gabanmu yanzu dillalin janareto ne da wani mai sayar da labule, waɗanda in suka tsallaka tsakiya sai sun tsaya sun yi shawara. In aka tashi canjaras kuwa, kofi yana nan kan firij.

Ɗaliban besbol sun fara taruwa a bakin fili da gorunansu lokacin da muka sami bugun kwana, na farko kuma na ƙarshe. Mai labule ya ɗauka. Sai na ga ɗan ƙanwar Alhaji ya taho daga can gaba a guje, ya shiga cikin masu tsaron gidansu. A duk zamansa tare da mu ban taɓa ganin ya dawo baya ba, ko an roƙe shi. Bugun bai da ƙarfi, bai nufi kowa ba. Ƙwallon ta faɗo, ta bugi ƙaurin yaron, ta gangara cikin ragarsu a hankali. Ya ci gida. Ya tsaya ya riƙe kai da hannu biyu, yadda ake yi a talabijin.

Muka ci ɗaya da nema. Mai takalma ya miƙa kofi yana cewa shi ba zai yi magana ba yau Salla ce, sannan ya yi magana mai tsawo. Alhaji ya karɓa, aka ɗauki hoto. A hoton kowa na dariya, shi yana kallon gefe.

A bakin ƙofar fili ya tsayar da yaron. Ina kusa, ina raba agoguna.

"Zo nan. Da gangan ka yi?"

"Kawu, ai kai ka faɗa. Ɗanye ne ni."

Alhaji ya daɗe yana dubansa. Mutum ne da ya shekara talatin yana bambance abin da ya saya da abin da aka ba shi kyauta, kuma ina jin ranar bai iya ba, ko kuma ya iya sarai. Daga ƙarshe ya ce tunda wasa ya ƙare, doka ta ƙare, a wuce gida akwai kankana ba mai yankawa. Yaron ya karɓi kofin daga hannunsa ya riƙe masa har tashar jirgin ƙasa.

Kofin ya kwana a gidan Alhaji har ranar tafiya. A filin jirgi kaya suka yi nauyi, sai ya warware mutumin tagullar daga sama ya sa a aljihun babbar riga, ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa gindin ya ce a ci gaba da bugawa a kan wannan. Golan ya bar ƙasar kafin babbar Salla, kamar yadda na faɗa a jawabina. Yaran uku suka zauna wurin 'yan Zango, don sun saba da yajin. Da shekara ta zagayo suka zura mana har na daina ƙirgawa, Bakanon wayoyi yana cikin raga yana hutawa.

Na gaya wa malamin besbol yadda aka ƙare, ya tambaye ni to wa ya yi daidai. Na ce dama na faɗa.