Ranar da Kwamfutar Ta Yi Shiru

Na yi bautar ƙasa a ofishin rabon ruwa kusa da Kadawa, kuma ni aka ɗora wa kwamfutar ofishin, wai don na taɓa irinta a jami'a. Harshen da ake ba ta umarni da shi yana da naƙasa: lamba ba ta wuce dubu talatin da biyu da ɗoriya. Da ta haura, sai ta juye ta koma ƙasa da sifili. Mu kuwa litocin ruwa muke lissafawa, miliyoyi. A haka ta nuna wai rabon manoman ƙarshen magudanar Bunkure ya ƙare, aka rufe musu ƙofar ruwa, tumatirinsu yana fure.

Na gaya wa injiniyanmu ina jin zan iya gyarawa, ko da yake ban tabbata ba. Na koya mata lissafi irin na firamare: kowane adadi da gurbinsa, a rubuta biyu a riƙe ɗaya, komai tsawon lambar. Tarawa da ɗebewa da ninkawa suka zauna. Rabawa ce ta gagare ni, sai na sa ta yi ta ɗebewa har lambar ta ƙare. Na san hanya ce mai nawa.

Ranar gwaji shugaban manoman, wani dattijo, ya jingine kekensa ya tsaya bakin taga. Na danna mata lissafin rabon Bunkure. Allon ya yi shiru. Aka kira azahar, aka idar, shiru. Mai kula da janareta ya leƙo ya ce man ya kusa ƙarewa. Dattijon ya tambaya ko kwamfutar azumi take yi. Ni kaina ban san ko aiki take ko ta mutu ba. Injiniya ya kai hannu zai kashe, na riƙe masa hannu, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Can lambar ta fito, doguwa: ashe rabon manoman bai ƙare ba. Na ce ina jin daidai ne, amma watakila a jira gobe.

"Malam, 'ina jin' ba ta buɗe ƙofar ruwa," in ji injiniya. "E ko a'a?"

Na sa ta ninka amsar, ta dawo da jimlar farko cif. Na juya wurin injiniya.

"A buɗe, ranka ya daɗe."

Dattijon ya hau kekensa. Na bi gefen magudanar a ƙasa, ruwan yana gabana yana tura busassun ganye, har ya shiga kwamin farko na gonar tumatir. Wasu furannin sun riga sun zube.