Ɓawon Rogon Kwali

Tunkiya ɗaya tal gare ni lokacin da muka tare a Kubwa, ga ta kuma da tsohon ciki. Ciyar da ita ya so ya gagare ni. Harawar da a garinmu maƙwabci ke miƙo wa mutum ta katanga, a nan sai a ɗaure ɗan ƙulli kamar tsintsiya a ce kawo kuɗi. Haba!

Sai na koma bin masu gasa masara a bakin titi ina kwashe ɓawo, mai ƙosai kuma tana tara mini dusar wake. Tunkiya ta yi ɓul-ɓul, ni ma hankalina ya kwanta.

Wata safiya maƙwabciyata, dattijuwa 'yar Gbagyi mai sayar da garin kwaki, wadda duk layi ke kira Mama, ta kawo mini buhun ɓawon rogo daga gonarsu a Kwali. Ta ajiye, ta ce in jira ta dawo daga kasuwa. Ni da gaggawa, ina zan jira? Na juye rabi a kwano, tunkiya ta hau ci.

Kafin la'asar sai ga tunkiya kwance. Ciki ya kumbura, baki na kumfa, ƙafafu na karkarwa. Wallahi na tsorata, na ɗora hannu a ka ina salati.

Mama na shigowa ta leƙa kwanon.

"Kai, Hajiya! Ɗanye ka ba shi? Wannan rogo mai ɗaci ne, sai ya sha rana kwana uku!"

Ta ruga ɗakinta ta ɗauko kwalbar manjan da take miya da shi. Na riƙe kan tunkiya, ta ɗura mata shi tas, tana mulmula cikin tana yi mini faɗa. Na san laifina ne. Dab da magariba tunkiya ta yi wata irin gyatsa, ta yunƙura ta miƙe.

Tun daga ranar ba na ba ta ɓawon rogo sai ya bushe ƙayau, har yana karyewa a hannu.

Tagwaye ta haifa, mace da namiji. Da aka yaye su, na ja macen har ƙofar Mama. Ta hau kaɗa hannu, wai ita ba ta iya kiwo ba.

Na ce, "Mama, ni ce ban iya ba. Riƙe igiya."